Sallar Inna a Cikin Korama

Shekarun baya, lokacin da hanyoyinmu ke da lafiya, mutum yana iya saka tsohuwarsa a mota ya nufi ƙauye ba tare da ya bar wasiyya ba, na kai mahaifiyata wani ƙaramin gari da ke kwance a kwarin duwatsu, kudu da Sakkwato. Kakarta ta wajen uwa 'yar garin ce. Tun muna yara muke jin labarinsa: wai akwai ganuwar dutse, akwai kogon da mutane ke ɓuya lokacin yaƙi, akwai ramukan da mata suka yi ta niƙa a kan falalen dutse har ya lotsa. Ita kanta ba ta taɓa zuwa ba, amma in tana ba da labarin sai ka rantse a can aka yanke mata cibiya. Duk shekara sai ta ce in Allah ya kai mu baɗi. Da na gaji da jin baɗin nan, sai na roƙi abokina mai mota ya zo Ƙofar Kware ya ɗauke mu da sassafe.

Ya kamata ku san irin mutanen da suka yi wannan tafiya. Ni haifaffen cikin gari ne, babban tudun da na taɓa hawa shi ne matakalar ofishinmu. Abokina kuwa ya fi ni tumbi. A wurinmu ƙasa shimfiɗe take, in hadari ya taso kana hango shi tun daga nesa, a kwashe shanya, a ɗaure akuya, har ka sha furarka kafin ɗigon farko ya sauka. In sama ta yi fari a kanka, to babu ruwa, magana ta ƙare. Da wannan ilimin muka shiga duwatsu a farkon damina.

Mai garin ya karɓe mu hannu bibbiyu. Da mahaifiyata ta fara jero sunayen kakanninta sai ya gane gidan, nan take ta zama 'yar gida, mu kuma muka zama 'yan rakiya. Ya haɗa mu da ƙanensa, wani dattijo siriri mai sanda, ya zaga da mu. Ya nuna mana inda tsohuwar ƙofar gari take, da rijiyoyin marina da ciyawa ta cike, da abin da ya rage na ganuwa, duwatsu ne aka jera ba laka ba komai, amma suna nan tsaye. Mahaifiyata ta dafa su tana ta salati. Ban taɓa ganin fuskarta da irin wannan annuri ba.

Kogon da ramukan niƙa kuwa suna can saman dutse, kuma tsakanin gari da dutsen akwai wata busasshiyar korama. Dattijon nan ba ya waiwaye in yana tafiya. Shi da abokina suka yi gaba, ni na tsaya a baya ina bin takun mahaifiyata. Muna sauka cikin koramar ta tsaya ta dafa gwiwa. Ta dubi dutsen, ta dubi yashin da ke ƙarƙashin ƙafarta, fari tas, ga wani ƙaton ɓaure ya sunkuyo daga gaɓa ya baza inuwa a kai.

Ta ce, "Ku tahi ku gano man. Ni nan nika zama. Ga yashi tsab, ga inuwa, mi nika nema kuma? In azahar ta yi in yi sallata."

Na ɗaga kai na dubi sama, babu ko ɗigon gajimare. Ni da hannuna na shimfiɗa mata darduma a tsakiyar koramar, inda yashin ya fi laushi. Na ajiye mata buta da gorar ruwa, har ina yaba wa kaina da iya zaɓen wuri. Sannan na bi su da sauri.

Hawan ya ba mu kashi. Abokina ya sha zama yana cewa wai tsarin garin yake kallo. Amma da muka isa, wallahi abin ya cancanci wahalar. Kogon ya fi zauren gidanmu girma, sanyi ƙalau, a can ciki ga ƙananan rumbunan laka har yanzu da sawun yatsun waɗanda suka gina su. A bakinsa ga ramukan niƙa, sumul. Na durƙusa na sa hannu a cikin ɗaya, ina tunanin yadda zan kwatanta mata.

Da na miƙe ne na hangi bayan dutsen. Can nesa, ta gabas, sama ta yi baƙi ƙirin, ruwa na zuba kamar an saki labule. A kanmu kuwa rana ce tarwai. Na ce wa abokina, "Waɗancan sun samu, mu dai Allah bai kawo namu ba tukuna."

Dattijon ya dubi wajen ya ce, "Namu ne ai. Ruwanga ba ta sama shika zo muna ba, ta ƙasa shika zuwa. Mu sauka mu ƙetare tun koramar ba ta kawo ba."

Na ce, "Wace korama, baba?"

"Wadda munka ƙetaro mana." Sai ya tsaya yana kallona. Ban san me ya gani a fuskata ba. Ya ce, "Ina Hajiya? Ba gida tak koma ba?"

Da ƙyar na ce tana cikin koramar, a kan yashi, ni na shimfiɗa mata.

Sandarsa ta faɗi. Ya ce, "Innalillahi! Gudu, ɗana! Kak ka jira kowa!"

Ban san yadda na sauko dutsen nan ba. Na san dai na faɗi, na tashi, na sake faɗuwa, takalmina ɗaya ya tafi ban neme shi ba. Na ciro waya ina gudu, babu sabis, sai kuma na tuna tata ma tana cikin mota. Ina kiran "Inna! Inna!" muryata na dawo mini daga duwatsu. Abin da ya fi tsorata ni shi ne komai lafiya lau yake. Rana na haske, awaki na kiwo, ko ganye ba ya motsi. Har zuciyata ta fara ce mini ƙila dattijon ya faye tsoro ne. Sai na ji ƙarar. Ƙasa-ƙasa take, kamar babbar mota na tahowa daga nesa, alhali babu hanyar mota a wajen. Wata iska mai sanyi ta biyo kwarin, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Da na iso gaɓa na hango ta. Salla take yi. Tana zaune a tahiya, ta ba ni baya, mayafinta ya rufe ta ruf.

Mu gidan malamai ne. A gidanmu ko gilmawa ka yi ta gaban mai salla sai kunnenka ya gaya maka, balle ka yi masa magana, balle kuma ka taɓa shi. Kuma wannan ba kowa ba ce, uwata ce, wadda tun da na yi wayo ban taɓa riƙe ko hannunta ba. Ku yarda da ni, da ƙarar nan a kunnena, sai da na tsaya a bayanta ina cewa, "Subhanallah! Subhanallah!" kamar liman ya yi mantuwa. Ba ta ko motsa ba. Ina ganin yatsanta yana motsi a kan gwiwa, a natse, ba gaggawa.

Na waiwaya ta inda ƙarar ke tahowa. A kwanar koramar ga ruwan nan ya ɓullo, ja kamar kunun kanwa, yana turo kumfa da karare da reshen itace a gabansa.

Na sunkuya na sungume ta.

Ba ta yi ihu ba, ba ta ture ni ba. Na juya da ita na nufi gaɓar da na sauko, yashi na cin ƙafata. Kafin in kai ruwan ya buge ni a ƙwauri, sanyi kamar ƙanƙara, wani abu mai nauyi ya doki idon sawuna har na tafi zan durƙushe. A ranar na san tsoro. Ba na mutuwata ba, tsoron kada hannuna ya saki. Na daddage na hau, ina jan gwiwa a kan tsakuwa, ban tsaya ba sai da na kai kan wani dutse. A daidai nan na ji muryarta a kunnena, a hankali: "Assalamu alaikum wa rahmatullah." Ta juya kai ɗaya gefen ta sake. Ashe duk abin nan tahiyarta take ƙarasawa.

Sannan ta ce, "Sauke ni. Wa yac ce ma ka taɓa mutum shina salla?"

Na sauke ta, na yi mata nuni da koramar. Inda take zaune ɗazu babu yashi, babu darduma, babu buta. Ruwa ne ke birgima yana dukan rassan ɓauren da ya yi mata inuwa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta zauna a kan dutsen ta ja mayafi ta rufe fuska, na ga kafaɗunta na rawa. Haka abokina da dattijon suka iske mu, ni jini a gwiwa, ita ba takalmi. A nan muka zauna har bayan la'asar kafin ruwan ya janye, mutanen gari suka riƙo hannunmu muka ƙetare.

Har yau tana nan da ranta, alhamdulillahi, kuma in ta so tsokanata a gaban jikoki sai ta ce ga wanda ya sace ta daga kan darduma. Kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Na kuma koyi darasin da duk ɗan ƙasar duwatsu ya sani tun yana rarrafe, ba na sake zama a cikin busasshiyar korama ko da rani ne.

Amma ba ruwan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Lokacin da na sunkuya, na tattara duk ƙarfina ne don in ɗaga matar da na sani, wadda ke sauke tukunyar tuwon gida guda ita kaɗai, wadda tsawarta ɗaya ke tsayar da mu duka. Sai na ji ta taso kamar na ɗauki ƙullin wanki. Ina jin ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna. Kullum ina shiga ɗakinta in gaishe ta, amma sai a ranar na san ta tsufa. Wannan tsoron bai janye tare da ruwan ba. Shi ya sa yanzu in na shiga gaishe ta da safe ba na tsayawa daga bakin ƙofa, sai na zauna, har ta gaji ta kore ni in tafi aiki.