Gaisuwar da Aka Ajiye a Kan Tudu

Tumatir ya fara ja a Watari lokacin da na gama haɗa wa ƙungiyar manoman ranin garinmu shafin intanet. Baba ne ya tsaya gaban dattawa ya ce ɗansa zai iya, masu saye daga nesa za su ga kaya su turo mota kafin ya ruɓe. A kwamfutata shafin yana tafiya sumul. Da na ɗora shi a kan injin da zai nuna wa duniya, sai allo ya yi fari fat, ban da layi ɗaya na jan rubutu. Hankalina ya tashi ƙwarai, na kasa haɗa ido da Baba.

Na tuna da yayar wani abokina, wadda ta koya mana wannan aiki a Kano. A garinmu sai ka hau tudun bayan makaranta waya take kamawa, ita ma da yanga. Na hau da kwamfutata na kira ta. To, mu ba a tarar babba da buƙata tun daga bakin ƙofa. Na tambayi gida, na tambayi yara, ina kan ban gajiya layi ya yanke. Na sake kira, na kuma ɗaukowa daga ina wuni, ya sake yankewa.

Sai ga kiranta. Ashe ƙaninta, abokin nawa da na fara kai wa kuka, ya riga ya ba ta labari.

"Ajiye gaisuwar nan, ita ba ta ruɓewa. Karanta min jan rubutun."

Na karanta, kunya kamar ta kashe ni. Ta yi dariya, ta ce wani ɗan fayil ne na saiti bai hau injin ba, wanda makullan sirrin shafin suke ciki. Sunansa da ɗigo yake farawa, shi ya sa ba na ganinsa, kuma da gangan ake barinsa a baya in ana ɗora aiki, don kada makulli ya shiga hannun kowa. Ta ce dole in ƙirƙiro shi a kan injin da hannuna. Ta bi da ni daki-daki, na sake ɗorawa, sai ga hoton kwandunan Baba raɗau.

Mota ta zo a makon, an yi lodi. Har yau in na tuna matar nan sai na yi mata addu'a.

Ranar lodin na koma kan tudu na kira ta, na tanadi godiya cike da baki. Ban ko fara ba ta riga ni.

"Yauwa, ƙanena, a ina muka tsaya? Ina gajiya?"