Daminar Da Na Yi Noma Daga Zaure

Shekarun baya kaɗan, lokacin annobar korona, ina aikin malamin gona a wani kamfanin iri a Funtua. Dokar kulle ta same mu cikin azumi, damina na ƙofa. Manajanmu ya kira ya ce kowa ya yi aiki daga gida. Na yi dariya. Malamin gona daga gida? Me zan duba, barkonon da matata ta shuka a tsohon bokiti?

Washegari na turo babur zan sulale. Mahaifiyata, mai fama da ciwon asma, tana zaune a bakin ƙofa da carbinta.

"Ina zuwa?"

"Ƙauye, Inna."

"To, a sauka lafiya. Abin da ka kwaso dai ni zai fara kamawa."

Na mayar da babur ɗaki, na shimfiɗa tabarma a zaure. Ofis ya samu.

Damuwata ɗaya ce. Akwai wani ƙauye a gefen Dandume da muka raba wa sabon irin masara. Al'adarsu, ruwan farko na sauka kowa zai fita shuka. Da irin gida ne, in ya mutu sai a koma rumbu a ɗebo wani. Wannan kuwa abin da aka ba mutum shi ke nan. In ya tsiro rana ta ƙone shi, shekarar ta tafi.

Yawancinsu ba sa karanta boko. Amma ladanin garin, duk da an rufe masallaci, yana nan yana kiran salla da lasifika. Na rubuta saƙo da ajami, na ɗauki hotonsa, na tura masa a waya: kada a shuka sai ƙasa ta ƙoshi. Bayan kiran la'asar ya karanta wa gari.

Ruwan farko ya sauka. Da safe wani dattijo, wanda duk garin ke jira ya fara shuka su bi, ya karɓi wayar ladan ya kira ni.

"Kai ne malamin da ke noma a kan tabarma?"

"Ni ne, Baba. Ya ibada?"

"Ibada alhamdu lillahi. Yaro, ina shuka tun ba a yi maka kaciya ba."

"Ba na musu, Baba. Idona ba ya wurin, ara mini naka. Shiga gona ka tona da hannu."

Ina jin takunsa da mitarsa. Can ya ce, "Danshi ya tsaya a gaɓa biyu na yatsa. Ƙasan kuwa gari ne." Sannan ya ce, "To. Mu jira."

Kwanakin da suka biyo baya, na yi addu'ar da ban san yadda zan tsara ta ba, domin ba a roƙon Allah ya riƙe ruwa. Na dai ce ya zaɓa mana mafi alheri. Sama ta bushe kusan mako biyu. Ƙauyukan da suka yi gaggawa, shukarsu ta ƙone.

Da ruwa ya dawo, dattijon da kansa ya kira. "Malamin tabarma, danshi ya wuce wuyan hannu!" A ranar gari ya fita. Masarar da suka girbe a shekarar, har yau ana kwatance da ita.

Na daɗe ina juya abin a raina. A da nakan je da babur, in tona ƙasar da kaina, in ba da umarni, su ce "to, Malam", in na juya baya su yi abin da suka saba. Sai da Allah ya zaunar da ni, na rasa ƙafar zuwa gona da idon ganinta, sannan na koyi tambayar manomi abin da hannunsa ya gani. Yanzu ina zuwa gona kamar da, amma ban sake riga mai gona durƙusawa a tona ƙasa ba.