Takalman Bayan Tashi Daga Makaranta

Shekarar da na fara sarin kaya a kasuwar Shahe, can ƙasar waje, wata hajiya mutuniyar Gana ce take riƙe min 'yata a gidanta da ke unguwar Panyu. Tun ranar farko na tambaye ta yara nawa take raino. Ta ce huɗu, iya abin da mai gidan da take haya ya yarje mata ke nan.

Da farko na yarda. Sannan na ga yakushi a kumatun yarinyar. Daga baya na tsinci murfin biro a jakar kayanta, alhali ko tafiya ba ta fara ba. Sai wata Laraba na baro kasuwa da wuri, na isa bayan an tashi daga makaranta. Takalma sun cika bakin ƙofa. Wani ƙaton yaro yana tsalle kusa da tukunyar shinkafa, 'yata tana rarrafe a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Hajiya, huɗu fa kika ce."

Ta ce, "Huɗu ne mana, ƙanwata. Waɗannan 'yan makaranta ne, ba a sa su a lissafi. Da kansu suke cin abinci."

Na ce mata wanda ya iya ci da kansa ya iya take jaririya. Ta yi dariya, ta ce mu Kanawa akwai bin diddigi.

Ban canza gida ba, don babu wata mai jin Hausa kusa da mu. Amma tun daga ranar, ina idar da azahar nake zuwa in ɗauko 'yata, ko mai shago bai gama ɗaure min kaya ba.