Takardar Kagarko

Ni aji biyar na tsaya a firamare, gyaran keke nake yi a Kafanchan har gobe. Amma a diraf babu wanda ya isa ya zauna gabana a gindin mangwaron da ke bayan shagona. Wannan kaɗai nake da shi, kuma shi aka yi mini wasa da shi.

'Yan shekaru ne bayan rikicin garin nan, lokacin da zaman gindin bishiya ya mutu, kowa sai ya gaishe ka ya wuce. Wani direba mai jigilar Kagarko ya zo yana cika baki, wai akwai tica a can wanda zai cinye ni ido rufe. Na ce ya zo. Ya ce tica ba ya bin mai faci. Sai muka sa wa gidajen allo lamba, ɗaya zuwa hamsin. In rubuta turina a takarda, direba ya kai, ya dawo da amsa. Turi biyu a mako, wani lokaci uku.

Kafin wata guda gindin mangwaro ya cika. Allon yana kan benci, na rufe shi da leda, ba mai taɓawa. Da an ji hon ɗin direba sai tela ya bar keken ɗinki, mai nama ya bar wuƙa. Mai ƙosai ma da ba ta san komai a diraf ba, kullum sai ta ce, "Baba mai faci, Kagarko ya amsa?" Manyan masu ba ni shawara biyu ne: katikis ɗin cocinmu, da wani ɗan Ibo mai sayar da kwanon rufi, haifaffen kwatas ɗin reluwe. Duk tarkon da na shirya, su nake fara nuna wa.

Wata takwas muna wannan. Zuwa Disamba na fi tica da 'ya'yan diraf biyu, ina da sarki. Mutane suka ce a'a, ba za a ƙarasa wannan a takarda ba, tica ya zo washegarin Kirsimeti a yi ta ido da ido. Ni na fi kowa matsawa. Na lura katikis yana ta cewa a bari sai sabuwar shekara, na ɗauka hidimar coci ce ta dame shi.

Ranar, an ɗauko bencuna daga coci. Har daga Madakiya mutane suka zo a kan keke. Na sa rigar da na ɗinka don Kirsimeti, matata ta zo da 'yan zumuntar matan cocinsu. Aka ajiye kujera ɗaya a gabana, babu kowa a kai.

Motar ta iso wajen ƙarfe biyu. Direba ya fito shi kaɗai.

"Ina ticanka?" na ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Mai karatun ya gudu ne?"

Direba ya dubi katikis. Katikis ya tashi, ya gyara rigarsa, ya zauna a kujerar. Ɗan Ibon ya zo ya tsaya a bayansa. Direba ya tsaya a ɗaya gefen.

"Ɗan'uwa," in ji katikis, "ka yi haƙuri cikin Ubangiji. An yi wa tica canjin wurin aiki tun farkon damina. Turi tara kawai ya yi da kai."

Na ce, "To wa ke amsa mini?"

"Mu ne Kagarko, oga," in ji ɗan Ibon. "A bayan shagona muke rubutawa."

Wallahi na ji kamar an zare mini benci. Na duba takardun da na tara a aljihu, rubutun katikis ne, wanda nake gani kowace Lahadi a allon sanarwa. Wata bakwai ban gane ba.

Abin da ya fi kashe ni, taron bai yi ihu ba. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka kama dariya. Tela ya sani. Mai nama ya sani. Mai ƙosai ta rufe baki da zane, ashe ita ma ta sani, kuma kullum tana tambayata.

"Da mun faɗa maka, da wasan ya mutu," in ji direba. "Ka ga yadda mutane suka dawo zama? Wa zai so a watse?"

Ban damu da zamansu ba a lokacin. Na nuna allon na ce, "'Ya'ya biyun nan da sarkin, ni na ci, ko ba ni kuka yi?"

Katikis ya ce ni na ci. Ɗan Ibon, a daidai lokacin, ya ce, "Ɗaya dai kai ka ci." Suka dubi juna.

"Tura mana, baba, a ƙarasa!" wani ya yi ihu daga baya.

Turina ne kuwa, kuma na ga hanyar da zan gama su cikin turi huɗu. Amma wannan hanyar ma jiya-jiya na nuna musu ita, kuma sun bar ta a buɗe. Na kwashe 'ya'yan na zuba a gwangwani, na ɗauki allona, na ratsa ta tsakiyar 'yan zumunta na shiga shago.

Katikis ya rasu, ɗan Ibon ya koma gida da iyalinsa. Direban yana nan, mun tsufa tare, na tambaye shi ya fi sau goma ko ni na ci ko ba ni suka yi. Kullum sai ya ce shi takarda kawai yake ɗauka. Ban sake zama gaban allo ba.