Wuƙar Illela da Saniyar Inna

Daga gida zuwa Illela

Ba a kira assalatu ba muka kwance Ja daga turke, maraƙinta na biye. Ita kaɗai ce saniyar Inna. Yayata Rabi, da ke aure a Birnin Konni, ta haifi tagwaye a ƙarshen damina, nononta bai ishe su ba, har an aiko cewa Husaini ya fara ramewa. Inna ba ta yi dogon tunani ba, ta ce a kai mata Ja tana tatsa. Kawu Alu, ƙanen Inna, wanda ya tsufa a koren shanu, shi ne jagora. Ni kuwa lokacin ina saurayi, ban taɓa kwana a daji ba, sai dai cika baki.

Hantsi ya yi mana a Illela, ranar kasuwa. Kawu ya ɗaure Ja a inuwa, ya tambaye ni ina wuƙata. Na ce ba ni da ita.

"Ba a kora dabba cikin daji hannu wohi," in ji shi. "In ta hwaɗi ba ka kai mata wuƙa ba, mushe ta. Taho."

A rumfar maƙera ya ɗauki wata faffaɗa mai kube, ya ƙyasta ta da farce ya saurari ƙararta, ya aske gashin damtsensa da ita, ya miƙo mini. Wuƙa ce ta gaske, amma ta yanka ce. Ina riƙe da ita na waiga na ga wuyan Ja, raina ya ɓaci. Ni na yi kiwonta tun tana maraƙa, ba zan sayi abin da aka ƙera don maƙogwaronta ba. Na ajiye.

Kusa da nan akwai wani mai tebur da ya hauro da kaya daga Najeriya. A cikinsu na ga 'yar siririya mai naɗewa, ƙotar itace, bakinta bai fi tsawon yatsa ba, mai tsini. Na ce ita nake so. Kawu ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Wagga ta yankan akaihwa? To, kawo in gani."

Duk da ba'ar, bai bar ni na saya da ka ba. Ya buɗe ta ya girgiza ko ƙusar tana rawa. Ya danna bayanta a jikin itace don ya ga ko za ta rufe a kan yatsa, ba ta rufe ba. Ya ce in damƙe ta da jiƙaƙƙen hannu, ba ta zame ba. Sannan ya ce wa mai tebur ya ƙara da ɗan dutsen washi.

Tajaye da daji

Mun shiga Tajaye ana shirin magariba. Muka sauka a zauren wani abokin Kawu, aka kawo tuwon gero da miyar kuka. Mai gidan ya nemi ya ga wuƙar tawa, ya juya ta ya ce ko ta amarya ce. Na haɗiye.

Washegari muka yanki kudu ta burtali, tsakanin gonakin da aka girbe. A daji muka kwana. A nan 'yar wuƙata ta fara biyan kuɗinta: da ita na fiƙe turke, na ɓare bawon kalgo muka ɗaure kaya, na fere rogon da muka gasa. Kawu yana kallo, bai yaba ba, bai kuma ƙara ba'a ba.

Kusa da Dogarawa

Gari na wayewa muka ga turke a tuge. Mun sami Ja a gefen wata gonar wake, ta cika cikinta da ɗanyen ganye mai raɓa. Kafin rana ta ɗaga cikinta ya kumbura ta hagu, in ka buga yana ƙara kamar ganga. Tana nishi, harshe a waje. Can sai ta durƙusa.

Kawu ya zare wuƙarsa, ya juya kanta gabas, ya ɗora gwiwa a kafaɗarta. Ba naman nake tunani ba, Husaini nake tunani.

"Kawu, babu wata dabara?"

"Akwai. A huda ta iska shi hita. Amma tawa ta cika hwaɗi, yaga ta za ta yi." Ya dube ni. "Buɗe taka."

Ya kama hannuna ya kai shi wani ɗan kwari tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu. Ya ce sau ɗaya, da ƙarfi, kada in tausaya mata. Shi ba zai saki wuyan ba, don in abin ya ƙi, ya yanka kafin rai ya fita. Na yi bisimilla na caka. Iska ta feso da wani wari da har yau ban manta ba. Kawu ya sa na rarake karan dawa na zura a ramin don kada ya toshe. Muka zauna muna kallon cikin yana saɓewa a hankali. Wajen azahar Ja ta miƙe ta lashi maraƙinta. Sai a lokacin Kawu ya mayar da tasa kube.

Mai gonar ya zo da faɗa a bakinsa. Da ya ji inda za a kai saniyar, sai ya koma gida ya aiko mana da fura da man shanu na shafa wa raunin. Kwana muka ƙara a gindin gawonsa.

Malbaza zuwa Konni

A Malbaza muka hau babbar hanya, hayaƙin gidan siminti na tashi a gefe. Wani jandarma ya tsayar da mu ya nuna raunin.

"Mi ya same ta?"

"Likita ya duba ta," in ji Kawu, yana nuna ni da haɓa.

Tafiyar ta yi nauyi, don tun da aka huda ta Ja ba ta kawo ko ɗigon nono ba. Kawu ya ce wani lokaci yakan dawo, wani lokaci shi ke nan. Ban yi barcin kirki ba.

Mun isa Konni da la'asar. Yaya Rabi ta rame har na kusa kasa gane ta. Da safe ta saki maraƙi ya ɗan tsotsa, ta janye shi, ta tsuguna da ƙwarya. Da fari shiru. Sannan na ji ƙarar nono a gindin ƙwarya, siriri, amma yana zuwa. Ta tafasa, ta sirka, ta ɗura wa Husaini da ɗan ludayi. Ya shanye ya nemi ƙari.

Komawa gida

Kawu ya tsaya a Konni neman aikin koren shanu. Ni na hau motar gyaɗa da ta sauke kaya, ta ajiye ni a mararraba, na ƙarasa da ƙafa. Na tarar da Inna tana dama fura.

"Sun sha?"

"Sun sha, Inna."

Ta ce alhamdu lillahi, ta sa wa Kawu albarka, ta sa mini. Ni ma na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni lafiya. Ta miƙo mini ƙwaryar, na ga furar da ruwa zalla aka dama ta. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin haka a gidanmu ba. Na ɗaga kai zan yi magana, ta ce in sha, ita ta riga ta saba.