Kambun Nata'ala da Jirgin da ba Ya Taɓa Ƙasa

Nata'ala tun yana yaro in iska ta taso sai an riƙe masa riga, don rama. A haka, shekarar da kuɗin fetur suka haukata gwamnati, aka turo shi London koyon aikin lantarki. Ranar tafiya mahaifiyarsa Hansai ta ɗaura masa kambu a dantse, da guntun ƙarfen maƙerar kakansa a ciki, ta ce in ya kwance ba ta yafe ba.

Wani ƙaramin kamfani a unguwar Woolwich ya ɗauke shi, masu gwajin jirgin ƙasa marar taya, wanda mayen ƙarfe ke ɗagawa sama da dogo. Katung, mutumin Kagoro da ya daɗe a wurin, shi ya tsaya masa.

Ranar da manyan baƙi za su kalli gwaji, aka nemi marar nauyi ya zauna a taragon. Wa ya kai Nata'ala? Shi aka zaɓa. Katung ya bi kowa da kwali yana karɓar agogo da makullai.

"Malam, babu sauran ƙarfe a jikinka? In aka samu matsala, ni da kai sai a kora mu Ikko."

"Babu," in ji gogan naka, gumi har cikin safa.

Aka kunna wuta. Tarago ya tashi kamar kaurin yatsa. Sai dantsen Nata'ala ya fara tafiya shi kaɗai, kamar an ja akuya kasuwa. Ya ja hannun, hannun ya ƙi. Kafaɗarsa ta bi, tarago ya karkata, gefensa na neman gogar dogo. Baturen da ke kan makunni ya ɗago kai.

Katung ya matso yana murmushi don baƙi, ya ce ta tsakanin haƙora, "Ko mene ne, cire shi."

"Inna ta ce..."

"Inna ce za ta biya maka haya?"

Nata'ala ya sunkuya kamar mai gyaran zama, ya tura baki ta wuyan riga, ya ciji igiyar har ta tsinke. Kambu ya zame ta hannun riga ya manne a ƙasan kujera. Tarago ya daidaita, ya sulale, aka tafa.

Da yamma Nata'ala ya ɗauko abinsa ya ɗinke da zaren buhu. Har gobe Hansai na faɗa wa maƙwabta kambun bai taɓa barin jikinsa ba. Shi kuwa ya ce ai cewa ta yi kar ya kwance, ba ta yi zancen cizo ba.