Yadda 'Yan Dubiya Suka Cinye Abincin Jinyar Babana

Lokacin da abin ya faru ina sana'ar ɗinki a unguwar Magajin Gari, kuma ina ganin babu wadda ta fi ni iya kula da iyaye. Babana manomi ne a wani ƙauye kusa da Gwaska. Ranar da suka baro ƙauyen saboda 'yan bindiga, babur ɗin da ya ɗauko shi ya faɗa rami, ƙashin ƙugunsa ya karye. A Kaduna aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Kafin a sallame mu wata nas ta zaunar da ni, ta ce magani kaɗai ba ya tayar da tsoho, sai jikinsa ya samu ƙwai, wake, kifi, nama, nono da ganye. Na ce mata na ji.

Na kawo shi gidana, na ba shi ɗakin da ke jikin zaure don maza su riƙa shigowa gaishe shi. Kullum sai in soya nama ko kaza, in dafa ƙwai, in rufe a kwano in miƙa masa, in koma kan kekena. Kwanon ya dawo fes, ni kuwa in yi ta murna. Ban taɓa zama na ga ya kai loma bakinsa ba, don ni 'yar fari ce, akwai kunya tsakaninmu. Baffana, wato ƙaninsa, da wasu abokan Baffan biyu ba sa fashin zuwa dubiya, kuma daidai azahar suke zuwa. Har godiya nake yi musu.

Sai Baba ya fara ramewa. Wurin ɗinkin aikin ya ƙi kamewa, ya kasa miƙewa ko da sanda. Da muka koma asibiti likita ya dube shi, ya tambaye ni ko da yunwa muke barinsa. Raina ya ɓaci, na rantse cewa ko mijina bai samun irin abin da Baba yake ci. Nas ɗin nan ce ta lallaɓa shi har ya faɗi gaskiya, kansa a sunkuye. Ya ce haƙoran da suka rage masa girgiɗi suke yi, ba ya iya tauna soyayyen nama, kuma yana jin nauyin gaya mini. Ƙwan kuwa Baffa ya ce masa yana sa miki ya yi ruwa. Don haka sai ya tura wa baƙi kwanon, shi ya wuni da kokon safe.

Washegari da azahar na faɗa ɗakin bayan sallama ɗaya. Na tarar da Baffa da cinyar kaza a hannu, abokansa suna ɓare ƙwai, Baba yana kwance yana kallon rufi. Na tambayi Baffa ko shi ne aka yi wa aikin. Ko a jikinsa, ya ce Yaya ne ya ce su ci kada abinci ya lalace. Na ɗauke kwanon daga gabansu. Kafin magariba labari ya zaga dangi cewa ni marowaciya ce marar kunya. Har yau in na tuna dattawa uku masu lafiya sun yi wata da makonni suna cin abincin majinyaci suna kallonsa yana ƙarewa, sai in ji zuciyata ta tafasa.

Daga ranar na koma yi masa farfesu mai laushi, faten wake da dakakken kifi, kunun gyaɗa da madara, miyar zogale. In zauna gabansa, ba na tashi sai ya cinye. Mikin ya warke, jiki ya ɗan dawo, amma likita ya ce tsokar ƙafar ta riga ta shanye. Mutumin da ke noma gonarsa da hannunsa, yanzu sai an riƙe shi yake zuwa masallacin ƙofar gida.

Haushin Baffa nake ji, amma na fi jin haushin kaina. Na dafa abin da ni zan iya taunawa, na bar kunya ta hana ni tambaya. Duk mai jinyar tsoho, ya duba bakinsa kafin ya ɗora tukunya, ya zauna ya ga abincin ya wuce maƙogwaro da idonsa. Ku kuma 'yan dubiya, ku ji tsoron Allah. In majinyaci ya turo muku kwanonsa, ku mayar masa.